Sharhi: Gyaran tsohuwar mota ko sauya ta, wanne ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin mallakar mota a Najeriya ya sauya. Litar man da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki kaɗan, ta kuma zarce naira 1,000 a wurare da dama a watan Oktoban 2024. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira, sai dalar da ake canzarwa kimanin naira 460 a hukumance ta wuce naira 1,500 a farkon 2024.

Wannan mataki na biyu shi ne ya fi taɓa kasuwar motoci. Akasarin motocin da ke kan titunan ƙasar nan na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. Da dala ake sayo su, da dala ake biyan jirgin ruwa, kuma da farashin canji na hukuma Hukumar Kwastam ke lissafa kuɗin fito. Ga shi tun Janairun 2017 aka haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya toshe halastacciyar hanyar Kwatano. Ma'aikacin da a da kan sayar da motarsa ya yi ɗan ciko ya ɗauko wata, yanzu cikon kaɗai na iya cinye albashinsa na shekara ko fiye.

Saboda haka tsohon ma'aunin nan na cewa idan kuɗin gyara ya kai rabin darajar mota a rabu da ita, ya rage ƙarfi. Abin da ya kamata mai mota ya auna shi ne kuɗin gyaran da kuɗin wadda za ta maye gurbinta. A wannan ma'auni, sauya inji ko giya ga motar da gangar jikinta ke da lafiya ya fi araha nesa ba kusa ba. Kuma motar da mutum ya san ciwonta ta fi wadda dillali ya wanke ya yi wa fenti, domin ita ma sabuwar shigowar sau da yawa ta shekara goma tana yawo a titunan Amurka ko Turai.

Sai dai ba kowace tsohuwar mota ce ta cancanci wannan haƙuri ba. Ƙirar da kayanta suka wadata a Ladipo ta Legas, Apo ta Abuja, Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, irin su Toyota Corolla da Camry da Golf, kowane bakanike ya san kanta. Motar alfarma kuwa da ta tsufa, mai tarin na'urorin lantarki, takan yi makonni a gareji ana jiran ƙaramin abu daga waje. Wadda tsatsa ta ci ƙashin bayanta, ko wadda ta taɓa nutsewa a ambaliya, zuba mata kuɗi ɗiban ruwa ne da kwando. Akwai kuma jabun kayan gyara, wanda a birki da taya asararsa ta wuce ta aljihu.

Inda muhawara ta fi zafi shi ne mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, shirin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2023. A 2024 ana sayar da ma'aunin gas ɗaya, wanda ke kai mota kusan nisan da litar fetur ke kai ta, a kan naira 230, yayin da aikin sauyawar kan haura naira miliyan ɗaya ga wanda zai biya da kansa. A wancan farashi, direban haya da ke ƙona lita 20 a kullum zai iya mayar da kuɗinsa cikin 'yan watanni. Ma'aikacin da lita 20 ke kai shi mako guda kuwa zai jira fiye da shekara ɗaya. Tazarar farashin ma ba a tsaye take ba, tana motsi da farashin fetur da na gas ɗin kansa.

Injin da ya riga ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi, gas ba zai warkar da shi ba. Tukunyar tana da nauyi, tana cinye wurin kaya, tana kuma ƙara wa ƙafafun baya wahala. Fashewar da aka samu a wani gidan gas a birnin Benin a Oktoban 2024, wadda aka danganta da tukunyar da aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba, ta nuna abin da neman araha a wannan aiki ke jawowa.

Ga mazauna Arewa akwai ƙarin cikas. Gidajen sayar da CNG sun fi yawa a Legas da Abuja da Benin, kuma wadatarsa a Kaduna da Kano ta dogara sosai da bututun Ajaokuta zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. Direban da zai yi sa'o'i a layi, ko ya koma kan fetur da zarar ya bar gari, ribarsa ta ragu tun kafin ya gama biyan kuɗin tukunya. Kafin gidajen gas su yawaita a jihohin, kuɗin da ke hannunsa ya fi amfani idan ya tafi ga inji da birki da tayoyi.