Sharhi: Daga Sassaƙen Itace Zuwa Dala Biliyan, Ina Attajiranmu?

A jami'o'inmu, ma'aunin masanin kimiyyar haɗa magunguna shi ne yawan maƙalun da ya wallafa. Da su ake yi masa ƙarin girma har ya kai farfesa. Amma ɗan kasuwa tambaya ɗaya gare shi: daga cikin binciken nan, wanne ya zama ƙwayar magani a kanti?

Tarihin maganin Taxol ya ishe mu darasi. A 1962 aka saso ɓawon wata bishiya a dajin jihar Washinton ta Amurka, aka kai shi gwaji. Masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani ɗan asalin Indiya, suka tace sinadarin da ke ciki, suka bayyana ƙirarsa a 1971. Sai a 1992 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi kan ciwon daji, wato shekara 30 cif bayan saran farko. A shekarar 2000 kamfanin Bristol-Myers Squibb ya sayar da na fiye da dala biliyan ɗaya da rabi. Abin lura shi ne gwamnati ce ta ɗauki nauyin shekarun farko masu kasada, kana ɗan kasuwa ya shigo da jarin masana'anta. Masanan sun tashi da suna, kamfani ya tashi da riba, marasa lafiya kuwa suka sami magani.

Mu ma mun taɓa kama wannan hanya, ko da yake kan ciwon sikila ne. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, wato NIPRD, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, ta gwada shi, ta fito da Niprisan. Cikin kayan haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da kowace uwargida ko dukawa suka sani. An yi masa rajistar mallaka a Amurka a 1998, aka ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, aka ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan. A 2008 uwar kamfanin ta karye, magani ya yi ɓatan dabo, iyayen yara masu sikila suka shiga neman sa ido rufe. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da May & Baker. Ilimin bai gaza ba. Jari ne da riƙon sana'a suka gaza.

To, a dubi Bobi da ke ƙaramar hukumar Mariga, a masarautar Kontagora. An fi sanin ta da makiyaya da noman hatsi. Dazukan wannan yanki na da maɗaci da marke da kaɗanya da ɗorawa, kuma makiyaya da masu magani sun daɗe da sanin amfanin saiwa da sassaƙe. Ba na cewa maganin ciwon daji na rataye a reshe. Cikin dubban tsirran da ake gwadawa, ƙalilan ne ke kai labari. Amma bishiyar da aka mayar buhun gawayi ta fita daga gwaji har abada.

A ganina, abu uku ya kamata a yi. Na farko, ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kano da Kaduna da Minna su kafa asusun da zai riƙe ɗakunan gwaji na tsangayar haɗa magunguna a Zariya da Sakkwato na tsawon shekaru goma, bisa rubutacciyar yarjejeniyar rabon riba. Na biyu, jami'a ta yi rajistar mallaka kafin malami ya wallafa sakamako, domin abin da aka baza a mujalla ya zama na kowa. Na uku, a rubuta kason mai maganin gargajiya da na al'ummarsa tun farko, kada a yi kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Wani zai ce wannan ciniki ba na mai neman riba kafin kaka ba ne. Gaskiya ne. Sai dai muddin muna ƙyashin shekarun jira, za mu ci gaba da sayen maganin ciwon daji da dala, a farashin da wasu suka yanke mana.