Zaidu Sanusi: An San Shi a Fotugal, Gida Fa?

Duk wanda ya leƙa gidajen kallon ƙwallo na Tudun Wadar Zariya ranar da Liverpool ke wasa, zai ji samari da ɗaliban Kongo suna kiran sunan Dominik Szoboszlai kamar ɗan unguwarsu. Sun san an haife shi a 2000, ya zama kyaftin na ƙasar Hungari a 2022, kuma Liverpool ta saye shi a 2023 a kan fam miliyan 60. Ba laifi, yaron gwani ne. Amma a tambaye su tarihin Zaidu Sanusi, sai a ga baki ya yi nauyi.

Shi kuwa Zaidu ɗan Jega ne ta Jihar Kebbi, haifaffen 1997. Ba wata babbar makarantar ƙwallo ta Turai da ta rene shi. Ya tafi Fotugal yana matashi, ya yi ta fama a Mirandela, wani ƙaramin kulob na ƙasan tsani, kafin Santa Clara ta ɗauke shi a 2019, sa'an nan Porto a 2020. Yana cikin waɗanda suka fitar da Juventus ta Cristiano Ronaldo daga gasar zakarun Turai a 2021. Ran 7 ga Mayu, 2022, ana gab da tashi, shi ne ya taso da gudu tun daga baya ya jefa wa Benfica ƙwallo a gidanta, wadda ta ba Porto kofin ƙasar na 30. Watau ɗan Jega mai shekara 24 ne ya raba gardama tsakanin manyan abokan gāba biyu na Fotugal.

Za a ce ai mai tsaron baya ba ya suna kamar ɗan tsakiya. Da gaskiya a ciki, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Suna a wannan zamani yana bin akwatin telebijin ne, gidajen kallonmu kuwa wasan Ingila suke sayarwa, domin shi ke kawo ciniki. Jaridu da gidajen rediyonmu na Hausa su ma sukan bi wannan sawu, alhali su ya kamata su cike giɓin.

Abin da ake asara a nan ba na Zaidu ba ne. Uban da ɗansa ke buga ƙwallo a filin makarantar firamare a Tudun Wada yana bukatar ya ji hanyar da ɗan Arewa ya bi, da wahalarta duka, har da mugun raunin gwiwar da ya kwantar da shi wata da watanni a 2024, jim kaɗan bayan ya buga wa Nijeriya wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan. Hukumomin wasanni na Kebbi da Kaduna suna iya gayyato shi lokacin hutu ya zauna da 'yan makaranta. Kuɗin da za a kashe bai taka kara ya karya ba.