Wa'adin ƴan majalisa: an bar jaki ana dukan taiki

Tun watan Maris na 2025, da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa aka kuma rusa jam'iyyun siyasa, kowa ya san cewa wata rana, kusa ko nesa, za a sake zama a rubuta wa Nijar sabon tsarin mulki. Duk sa'ad da irin wannan zama ya ƙarato kuwa, ba a rasa mai tado da tsohuwar shawarar nan: tun da an ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu, me zai hana a ƙayyade wa depite? Ya yi sau biyu, ya tattara nasa ya nasa, ya ba wani wuri. Shawarar tana da daɗin ji, kuma masu kawo ta, malaman makaranta da matasa da ƴan ƙungiyoyi, galibinsu mutanen kirki ne da takaici ya isa. Sai dai shawara ce mai rauni, kuma in aka saka ta cikin doka, waɗanda za su ci ribarta su ne ainihin waɗanda ake kuka da su.

Takaicin dai yana da tushe. Talaka ya saba ganin depite lokacin yaƙin neman zaɓe, da sukari da turmin atamfa da alkawarin rijiya, daga nan sai bayan shekara biyar. A 2008 ƴan majalisa sun zauna sun ƙara wa kansu alawus, har ƙungiyoyin farar hula suka fito kan titi, kotun tsarin mulki kuma ta ce dokar ta saɓa wa kundin ƙasa. Malamin kwantaragi da ya sha jiran ɗan abin da ake biyansa a wani ƙauyen Dakwaro ko Tanut yana da hujjar jin haushin mutumin da ke yanka wa kansa rabo da hannunsa. Ba wanda zai ce masa ya yi haƙuri. Abin da za a ce masa shi ne ya dubi tarihin majalisar da kyau kafin ya zaɓi sandar da zai ɗauka.

Daga 1993, lokacin da aka koma zaɓen jam'iyyu da yawa bayan babban taron ƙasa, zuwa 2023, an zaɓi majalisar dokoki sau tara. Ta 1993 shugaba Mahamane Ousmane ya rusa ta a watan Oktoba na 1994. Ta 1995 juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 ya share ta. Ta 1996 ta tafi tare da Ibrahim Baré Maïnassara a watan Afrilu na 1999. Ta 2004 shugaba Mamadou Tandja ya rusa ta ranar 26 ga Mayu 2009. Wadda aka zaɓa a watan Oktoba na wannan shekara ko wata huɗu cur ba ta cika ba sojoji suka rufe ta ranar 18 ga Fabrairu 2010. Ta 2020 kuma ta ƙare ranar 26 ga Yuli 2023. Uku kaɗai suka kai ƙarshen shekarunsu biyar: ta 1999, ta 2011 da ta 2016. To a ƙasar da majalisa shida cikin tara suka mutu tun ba su yi furfura ba, wane mai hankali ne zai ce ciwon majalisa shi ne tsufa? Wa'adin depite a Nijar an daɗe ana ƙayyade shi, sai dai da dokar rusawa da bakin bindiga ake yi, ba a tambayi mai jefa ƙuri'a ba.

Masu shawarar suna kafa hujja da tazarce, suna cewa abin da aka hana wa babba bai kamata a halatta wa ƙarami ba. Nan ne suka haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka. An ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi ne saboda abin da ke hannunsa: soja da jandarma da baitulmali, da ikon naɗa minista da gwamna da perfe, da gidan rediyo da talabijin na ƙasa. Mutum ɗaya mai riƙe da duk wannan, in ya daɗe, yakan kai inda ƙuri'a ba ta iya tumɓuke shi. Depite kuwa murya ɗaya ce cikin 113, daga baya cikin 171. Ba ya naɗa kowa, ba ya tsare kowa. Makaminsa kaɗai shi ne sanin aiki: ya iya karanta kasafin kuɗi ya gane inda aka ɓoye rami, ya san dokar cikin gida ta majalisa fiye da ministan da ya zo kare kansa, ya tuna alkawarin da gwamnati ta yi shekara bakwai da suka wuce. Wannan sani ba a samunsa a zama ɗaya. Malamin da ya yi shekara goma sha biyar da alli a hannu ya san bambancinsa da wanda aka turo bana, kuma ba ƙungiyar malamai da za ta yarda a ce duk wanda ya kai shekara goma a aji a sallame shi don a sabunta jini.

Tazarcen kansa ma hujja ce a kan masu shawarar. Majalisar da Tandja ya rusa a 2009 ita ce wadda ranar 31 ga Mayu 2007 ta kada gwamnatin Hama Amadou da ƙuri'a 62 cikin 113, a kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, wadda malamai ba su manta da sunanta ba, wato MEBA. Shugaban majalisar a lokacin, Mahamane Ousmane, yana cikin wa'adinsa na biyu a kan wannan kujera, kuma yana cikin waɗanda suka fito fili suka ƙi tazarce. Ana iya faɗin abubuwa da yawa game da lissafin siyasar da ke bayan ƙuri'ar 2007, ba kuma dukansu masu daɗi ba ne. Amma majalisa ce da ta san ƙarfinta har ta gwada shi, shi ya sa mai neman zarcewa ya ga ba zai kai gaci ba sai ya kawar da ita tukuna, sannan ya bi da kotun tsarin mulki, ya shirya zaɓen raba gardama na 4 ga Agusta 2009. Da cike take da baƙi masu neman a nuna musu ƙofar ofis, da ba ta kai a rusa ta ba.

Akwai kuma tambayar da masu shawarar ba su cika son a yi musu ba: wa ke ba depite kujerarsa? A tsarin da aka yi aiki da shi har 2023, in aka cire ƴan mazaɓu na musamman da na ƴan ƙasa mazauna waje, jeri ake zaɓa jaha jaha. Mai jefa ƙuri'a a Madarumfa ko Matamai alamar jam'iyya yake dangwala wa, jerin sunayen kuwa a Yamai aka tsara shi, a ɗakin da shi bai taɓa shiga ba. Wanda uban jam'iyya ya ɗora a saman jeri ya ci tun kafin a buɗe rumfar zaɓe, wanda aka jefa ƙasa kuwa ko duk garinsu na sonsa sai dai ya yi rakiya. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ƙara ɗaure wannan igiya, domin ya tanadi cewa depiten da ya fita daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, mai maye gurbinsa ya hau. Kujerar ta jam'iyya ce ke nan, jam'iyyar kuma ta mai ita ce. A irin wannan gida, in aka ce kowane depite sau biyu zai yi, me ya canza? Mai jeri yana nan daram, ba wa'adin da ya taɓa shi. Hasali ma an ƙara masa kasuwa, tun da duk shekara goma kujeru za su zama fanko dole, attajirai masu neman rigar kariya kuma su yi layi a ƙofarsa. Depiten da ya fara yin suna har yana iya ɗaga kai ya ce wa ubangidansa a'a, doka ce da kanta za ta kawar masa da shi, ba sai ya ɓata hannunsa ba.

An gwada wannan magani a wasu ƙasashe, ba sai an yi hasashe ba. A Meziko an hana ƴan majalisa sake tsayawa a jere tun 1933, kuma jam'iyya ɗaya ta riƙe mulkin ƙasar har 2000. Ɗan majalisar da ya san ba zai koma gaban masu zaɓe ba, ba shi da dalilin waiwayarsu, idonsa yana kan shugaban da zai ba shi muƙami na gaba. Sai a 2014 aka sassauta dokar, a 2025 kuma aka sake maido da hanin, wanda zai fara aiki a 2030, alamar cewa su ma can gardamar ba ta mutu ba. A Filifin tsarin mulkin 1987 ya ƙayyade wa wakilai wa'adi uku a jere, manyan gidaje kuwa suka gano hanyar tun da wuri: maigida ya sauka, uwargida ta hau, ɗa ya karɓa, maigida ya dawo. Wanda ya san yadda ake gadon kujera a wasu gidajen sarauta da na fatauci daga Tawa zuwa Damagaram ba ya bukatar a fassara masa wannan. Misali mafi kusa yana Benin. A watan Nuwamba na 2019 aka gyara tsarin mulki aka ƙayyade wa depite wa'adi uku. Majalisar da ta yi wannan gyara ita ce wadda aka zaɓa a watan Afrilu na shekarar, zaɓen da jam'iyyu biyu kaɗai suka shiga, dukansu masu goyon bayan shugaba Patrice Talon. Ya isa abin lura cewa gwamnatin da ta rufe wa ƴan adawa ƙofar majalisa ba ta ga wata barazana ba a cikin ƙayyade wa'adin ƴan majalisa.

Za a ce, to ai akwai waɗanda suka mayar da majalisa ɗakin kwana. Akwai su. A Kamaru Cavayé Yéguié Djibril ya hau shugabancin majalisa a 1992 ya kuma haura shekara talatin a kai. A nan gida Boubou Hama, wanda ƙungiyoyin al'adu ke girmamawa saboda alƙalaminsa, ya shugabanci majalisa daga 1958 har juyin mulkin 1974. Amma abin da ya zaunar da shi shekarun nan duka shi ne jam'iyya ɗaya da jeri ɗaya, bayan an haramta Sawaba a 1959. Da an sa wa'adi a wancan zamani, da an canza sunaye a kan takarda, jerin kuma ya ci gaba da fitowa daga hannu ɗaya. Inda zaɓe ke da rai, daɗewar mutum a kujera shaida ce cewa mutanensa suna mayar da shi. Inda zaɓe ya mutu, sabuwar fuska ba ta tayar da shi.

Akwai ma wani raini a cikin shawarar da masu ita ba su lura da shi ba. Cewa take yi manomin Gidan Rumji bai isa ya san wanda ya yi masa aiki da wanda ya ci amanarsa ba, don haka doka ta yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe baki. An taɓa yi masa irin wannan gata a 2010, da aka ce kashi 75 cikin ɗari na ƴan takarar kowane jeri sai masu takardar BEPC, kamar dai takardar kammala kwaleji ita ce ke hana mutum sayar da ƙuri'arsa a zauren majalisa. Dokar kason mata ta 2000, wadda aka ɗaga zuwa kashi 25 cikin ɗari a 2019, ta bambanta da wannan, domin ita ƙofa ta buɗe wa waɗanda aka daɗe da rufe wa. Ƙayyade wa'adi kuwa hannun mai zaɓe yake riƙewa.

In ana son depite ya ji tsoron talaka, sai a ba talaka abin da zai tsorata shi da shi. A rage faɗin mazaɓa har mutum ya san sunan wakilinsa da ƙofar gidansa, ko kuwa a buɗe jerin yadda mai zaɓe zai iya tsallake na sama ya ɗauki na ƙasa. Jam'iyyun da za a sake kafawa a tilasta musu fitar da ƴan takara ta hanyar ƙuri'ar membobinsu a jaha, a gaban shaidu. Kowace ƙuri'a da aka kaɗa a zauren majalisa a rubuta ta da sunan mai ita, a karanta a gidajen rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, tare da sunayen waɗanda ba su halarci zaman ba. Wannan na ƙarshe ba ya cin kuɗin a zo a gani, kuma ƙungiyoyin malamai da na al'adu suna da mutanen da za su iya fassarawa da yaɗawa tun daga zaman farko. Depiten da aka karanta sunansa sau uku a rediyon garinsu cikin waɗanda suka ɗaga hannu a kan ƙarin alawus, ranar da kasafin makarantu ya zo kuma aka neme shi aka rasa, zai yi wuya ya kai wa'adi na biyu, balle a yi gardamar na uku.