Yanke salansa: Ƙara ta ƙaru, to ina ƙarfin injin?

Duk wanda ke zaune kusa da babban titi a Kano, Kaduna ko Abuja ya san wannan ƙarar. Bayan sallar isha'i, ko ranar da aka ɗaura aure a unguwa, sai ka ji mota ta taho tana ruri tana fashe-fashe kamar ana harbi, yara su firgita, 'yan teburin mai shayi su bi ta da kallo. Idan ka tambayi mai motar, amsar kusan ɗaya ce: an yi mata aiki, an buɗe mata salansa, yanzu ta ƙara ƙarfi. Wani har adadi zai faɗa maka, wai ta ƙaru da doki hamsin.

A ganinmu, mafi yawan wannan aiki asarar kuɗi ne, kuma mafi munin ɓangarensa, wato cire abin da makanikai ke kira indomi, cutarwa ce ga mai motar da duk wanda ke shaƙar iskar titi. Tabbas ana iya ƙara wa inji ƙarfi, har ma a ninka shi. Sai dai hanyar yin hakan ba ta bi ta rumfar mai walda.

Bari mu fara da dokin da ake ta ambata. James Watt, injiniya ɗan ƙasar Sikotland, shi ya fito da wannan ma'auni a ƙarshen ƙarni na 18, domin ya nuna wa masu saye yawan dawakan da injinsa mai aiki da tururi zai maye gurbinsu. Ƙarfin doki ɗaya ya kai kimanin wat 746, kusan abin da ƙaramin janareta na shagon aski ke bayarwa. Toyota Camry ƙirar 2007 mai silinda huɗu tana da doki 158. Mercedes C63 AMG ta 2008, wadda samari ke mafarkin mallaka, tana da 451. Shi wannan adadi ana samun sa ne daga abu biyu: ƙarfin murɗawar inji, da kuma saurin juyawarsa a minti ɗaya. Ƙarar da mota ke yi ba ta cikin lissafin ko kaɗan.

Injin fetur kuwa, idan aka bi diddigi, famfon iska ne. Yana shaƙar iska da mai, ya matse su, fulogi ya kunna wuta, sannan ya tura hayaƙi waje. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone tsaf, yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska. Zuba ƙarin mai abu ne mai sauƙi, shigar da ƙarin iska ne aikin. Saboda haka duk gyaran da bai sa inji ya shaƙi iska fiye da da ba, ko bai sa ya ƙone wadda ya shaƙa da kyau ba, to bai ƙara komai ba.

A nan ne salansa ke shigowa, kuma masu yanke ta suna da 'yar gaskiya. Idan hanyar fitar hayaƙi ta yi ƙunci, fistan zai ɓata ƙarfi wajen tura shi, kuma ragowar hayaƙin da ya maƙale a silinda zai tare gurbin sabuwar iska. Amma kamfanonin ƙera motoci ba su jahilci wannan ba. A motar zamani mai lafiya wadda ba ta da turbo, sauya tukunyar salansa ta baya kaɗai ba ya kawo abin da ya wuce dawakai 'yan ƙalilan, waɗanda direba ba zai iya bambance su da ƙafarsa ba. Abin da yake ji kunnensa ne ke ba shi. Mota mai ƙara tana sa mutum ya ɗauka gudu yake yi, kuma wanda ya biya kuɗin aiki dama yana son ya ji an samu canji.

Akwai ma inda abin ke komawa baya. Hayaƙi ba ya fita kamar ruwan famfo, yana fita ne bugu-bugu, kowace silinda da nata lokacin. Idan faɗin bututun da tsawonsa sun dace da injin, kowane bugu yana barin wani ɗan zuƙo a bayansa wanda ke taimakawa wajen janyo na gaba, har ma ya taya silinda jawo sabuwar iska. Injiniyoyi kan ɓata lokaci mai yawa suna auna wannan. Mai walda ya zo ya jona bututu mai faɗin gaske da ido, saurin hayaƙin ya ragu, zuƙon ya ɓace. Sakamakon shi ne motar ta rasa kuzari a ƙananan juyi, wato daidai inda ake amfani da ita kullum: tashi daga danja, hawan gada, wuce tirela. An sayi ƙara, an biya da ƙarfin da ake da shi.

Maganar indomi ta fi wannan nauyi. Wani curi ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin salansa kusa da inji, kuma kamarsa da taliyar ce ta jawo masa sunan. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke sauya iskar guba ta zama mai sauƙin illa kafin ta fita. Tun 1975 aka fara sa shi a yawancin sababbin motoci a Amurka. Daga cikin abin da yake ragewa akwai kabon monoksaid, gubar nan marar launi marar wari da ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki.

Me ya sa ake yawan ba masu mota shawarar cire shi? Wani lokaci da dalili. Idan inji yana shan baƙin mai, ko fulogi ya daɗe yana fashi, indomi kan toshe ko ya narke, motar ta shaƙe ta kasa hawa ko ɗan tudu. A cire shi sai ta farfaɗo, mai ita ya ce an ƙara mata ƙarfi, alhali ƙarfinta na asali ne ya dawo, kuma cutar da ta toshe shi tana nan ba a taɓa ta ba. Amma akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa wa mai mota ba: abin yana da kasuwa. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam ya haura dala 25,000, ya ninka na zinare fiye da sau goma, abin da ya sa satar indomi ta zama annoba a Amurka da Birtaniya. Idan aka ce maka a cire a jefar, ka tambaya wace bola za a kai shi.

Bayan an cire, na'urar da ke auna hayaƙi a bayansa za ta gane, wutar gargaɗin inji ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Daga nan an saba da ganinta, ranar da wata matsala ta gaske ta taso babu mai lura. Hayaƙin kuma yana tafiya kai tsaye zuwa hancin ɗan acaɓa da mai tallan ruwa da yaran da ke bayan a-daidaita-sahu a cunkoso.

To ina ake samun ƙarfin gaske? Mafi yawansa daga turbo ne da ƙwaƙwalwar mota. Turbo yana amfani da hayaƙin da ke fita ya juya wata fanka, ita kuma ta cusa iska cikin inji da ƙarfi. Ƙwaƙwalwar ce ke ƙayyade yawan iskar da za a cusa, da yawan mai, da lokacin kunna wuta. Shi ya sa a mota mai turbo, sake rubuta umarnin ƙwaƙwalwa kaɗai kan iya kawo dawakai gommai. A irin wannan motar ce kuma faɗaɗa bututun da ke bayan turbo ke da amfani na zahiri, domin fankar ta fi juyawa idan babu cikas a gabanta. Ko a nan ma sai an daidaita ƙwaƙwalwar da sabon bututun.

Misalin da masu sha'awar motoci suka fi kawowa shi ne Toyota Supra ta 1993, mai injin 2JZ. A Japan an rubuta mata doki 276 saboda wata yarjejeniya da kamfanonin ƙasar suka yi a tsakaninsu ta taƙaita adadin da suke tallatawa, a Amurka kuma an sayar da ita da 320. Gangar injin ta baƙin ƙarfe ce mai kauri, don haka masu gyara suka riƙa ninka ƙarfinsa, wasu har suka wuce doki 1,000. Amma dubi abin da suke sauyawa kafin su kai can: babban turbo, manyan allurai masu fesa mai, famfon mai, na'urar sanyaya iska, kuloci, sau da yawa har da fistan da giya. Kowane mataki ana ɗora motar a kan na'urar gwaji mai nadi, tayoyi su juya, kwamfuta ta fitar da adadi kafin aiki da bayan aiki. Duk wanda ya ce ya ƙara maka doki hamsin, ka nemi ya nuna maka wannan takarda.

Ko da an yi aikin bisa ƙa'ida, yanayinmu na da nasa hukuncin. Umarnin ƙwaƙwalwa da ake saukewa daga intanet galibi an rubuta shi ne don fetur mai lambar oktan 98 da ake samu a Turai, kuma don iska mai sanyi. A zuba wa irin wannan mota fetur ɗin da bai kai ba, a taka ta a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri da ya haura digiri 40, sai man ya riƙa fashewa kafin lokacinsa. Idan an yi sa'a, ƙwaƙwalwar ta ji ta rage ƙarfin da kanta, kuɗin aiki ya tafi a banza. Idan ba a yi ba, fistan ya huje. Iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, haka ma ta kan tudu: inji marar turbo na rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, don haka motar da ta taso daga Legas ta isa Jos ta yi asarar da babu salansar da za ta mayar mata.

Sannan ga abin da masu wasan mota ba sa son ji. Idan gudu ya tashi daga kilomita 100 zuwa 140 a sa'a, aikin da ke kan birki ya kusa ninkawa biyu. Jarumin fina-finan Fast & Furious, Paul Walker, ya rasu ranar 30 ga Nuwamba, 2013 a jihar Kalifoniya cikin Porsche Carrera GT mai doki sama da 600, abokinsa na tuƙi. Masu bincike sun gano motar na gudun kilomita 130 zuwa 150 a titin da aka ƙayyade kimanin 72. Sun kuma lura an sauya mata salansa, yayin da wasu daga cikin tayoyinta suka haura shekara tara. A nan gida, mutum zai kashe kuɗi a salansa alhali tayoyinsa 'yan kwatano ne da bai taɓa duba shekarar da aka ƙera su ba, ga ta kuwa a rubuce a jikin tayar, lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.

Dokoki ba su ne suka yi ƙaranci ba. Hukumar NESREA tana da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009, da na hayaƙin ababen hawa tun 2011. Abin da ya rage shi ne jami'an VIO su riƙa leƙa ƙarƙashin mota da auna hayaƙi kafin su ba da takardar lafiyar mota, kuma ƙungiyoyin makanikai su wajabta wa 'ya'yansu miƙa wa mai mota duk indomin da aka cire a hannunsa. Gwamnatocin jihohi kuma su ware fili mai shinge inda samari masu wannan sha'awa za su gwada motocinsu da hular kwano da motar asibiti a gefe, a raba su da titin unguwa.

Mai mota da ke jin ta yi sanyi, ya fara da sauya matatar iska da fulogi, ya zuba baƙin man da littafin motar ya ce, ya sa a jona mata kwamfuta a karanta abin da ƙwaƙwalwar ke ƙorafi a kai. Yawancin motocin da suka shekara goma sha biyar a kan titunanmu, dawakan da suka ɓata a waɗannan wurare sun fi waɗanda salansa za ta iya kawowa.