Mummunan Zato Ba Basira Ba Ne

A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Iyaye suna kuka, wasu kuwa a Facebook suna cewa wasan kwaikwayo ne. Da aka sako yara 344, suka ce ai dama sun faɗa.

Mun san tushen wannan hali. Wanda ya bar gonarsa a Faskari ko Sabuwa, ya sha alkawuran da ba a cika ba, ba mu ga laifinsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A intanet kuma mai ba'a ba ya ganin hawayen wanda ya yi wa.

To, basira ce? A 2019 masana biyu, Olga Stavrova da Daniel Ehlebracht, sun wallafa bincike kan mutane kusan 200,000 a ƙasashe 30. Jama'a na ɗaukar mai munana zato mai kaifin ƙwaƙwalwa ne, alhali a gwaji yawanci yakan zo baya. Mai basira yana auna wanda zai amince wa. Ba kowa yake zargi ba.

Ga haɗarin: ranar da gargaɗin hari na gaskiya ya iso Mabai, wanda ya saba cewa ƙarya ne ba zai motsa ba. Dattawa, mu koya wa matasanmu tambaya: wa ya faɗa, wa ya gani? Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.