Cefanen Mako da Hannun Maigida a Gidajen Illela

A Illela ranar Lahadi ce ke juya mako. Kafin gari ya waye motocin shanu sun jeru a bakin kara, dillalai sun fita, 'yan kabu-kabu suna jigilar fasinja tsakanin garin da Birnin Konni na Nijar, masu tuwo-tuwo kuma tun asuba suka hura wuta. Ranar Laraba kasuwar Konni ta ci, a sake fita. Kowane ɗan kasuwa ya san ranar da zai sayi kaya da ranar da zai biya bashi. Cikin gida ne aka bari babu irin wannan lissafi, alhali can ne gajiyar take taruwa.

Shekarun nan sun sauya gidaje da yawa. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta har Maris na 2024, ga cire tallafin man fetur da ya riga ya ɗaga farashin komai. Samun mutum ɗaya ya daina riƙe gida. Matar da a da take jiran cefane yanzu tana koyarwa a firamare, ko tana aikin asibiti, ko tana tuyar ƙosai da awara. Sai dai aikin gida bai ragu mata ko da cokali ɗaya ba.

A duba safiyar Litinin a gidan malamar makaranta. Randa babu ruwa, mai ruwa bai zo ba. Rigar makarantar ƙaramin yaro tana cikin wanki. Geron koko ba a kai niƙa ba. Maigida na shirin fita, ita kuma sai a lokacin take tambayar kuɗin cefane, shi yana laluben aljihu yana ɓata rai. Kafin ƙarfe takwas an yi faɗa, an doki yaro, ta isa aji a makare. Duk abin nan da dare ake iya kashe shi.

Gyara na farko shi ne cefane ya bi kasuwa. Dillalin da ya karɓi la'adarsa ranar Lahadi, da yammacin ranar ya kamata ya auno gero da shinkafa, ya haɗo manja, daddawa, kuka, busasshen tumatir da albasa na mako guda. Kayan sun fi araha ranar kasuwa, kuma uwargida ta san abin da ke hannunta, ta kai niƙa sau ɗaya, ta tsara girkin da zai bar ɗumame don safe. Za a ce ɗan dako da ɗan kabu-kabu kullum suke samu, ba su da na mako. Gaskiya ne. Amma su ma suna iya ajiye kuɗin gobe bayan sallar isha'i, a kuma yi yarjejeniya da mai ruwa ya riƙa cika randa da yamma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, wato maigida ya sa hannu a aikin gida, ya fi wuyar faɗa a majalisa. Tsarin da aka ɗora wa mace ita kaɗai ƙarin aiki ne kawai. Uban da ke da babur zai iya sauke yara a makaranta kan hanyarsa. Tsakanin magariba da isha'i, lokacin da yawancin maza ke teburin mai shayi, zai iya zama a tabarma ya saurari hadda, ya duba littafin boko, ita kuma ta gama girki ba tare da goyo a baya da wani a zane ba. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi wa iyalinsa hidima a gida, idan lokacin salla ya yi ya fita. Duk almajirin Sakkwato ya san wannan ruwaya.

Akwai kuma wadda ba a cika tunawa da ita ba, wato babbar 'yar gida. Idan uwa ta fita nema, kanta ake juye raino, wanke-wanke da talla. Ranar Lahadi tana kasuwa da faranti a ka har la'asar, Litinin tana gyangyaɗi a aji. Raba aiki a sarari shi ne maganin wannan: yaro namiji ya yi shara, ya kai niƙa, ya wanke rigarsa ranar Asabar, kamar yadda 'yar'uwarsa ke yi. Malaman Islamiyya da limaman Juma'a na Illela, Kalmalo da Araba suna da bakin da iyaye maza ke ji, kuma wannan magana ta cancanci a hau mumbari da ita.