Cire Wasan Harbi Daga Gasar Kwamanwels: Wa Ya Yi Asara?

Jama'a, idan mai karatu bai manta ba, a gasar Olamfik ta Faris a 2024 an yi ta yayata hoton wani dattijo ɗan Turkiyya mai suna Yusuf Dikec, wanda ya tsaya hannu ɗaya cikin aljihu ya yi harbi, har shi da abokiyar wasansa suka ci lambar azurfa. Samarinmu na zango sun sha kwaikwayon tsayuwarsa, amma kaɗan ne suka san cewa wannan wasa yana neman rasa gindin zama a gasar ƙasashe renon Ingila, wato Kwamanwels.

An yi gasar Bamingam ta 2022 babu harbi, kuma cikin wasanni 10 da aka tsara wa Gilasgo a 2026 ma babu shi. Hujjar masu shirya ta Bamingam ita ce ba su da filin da ya dace a kusa, alhali a gasar Mancesta ta 2002 can filin Bisley da ke kudancin Ingila aka kai maharba, ba a ce ya yi nisa ba. Ita kuwa Gilasgo ta karɓi gasar ne bayan jihar Biktoriya ta Ostireliya ta janye a 2023 saboda tsada, don haka aka rage wasanni.

To, wa abin ya fi shafa? Indiya ce ta fara kuka, domin cikin lambobi 66 da ta samu a gasar 2018, 16 daga harbi suka fito. Har ta yi barazanar ƙaurace wa Bamingam, aka lallashe ta da alkawarin gasar harbi ta daban a Candigar, sai annobar korona ta sa aka soke. Amma Indiya tana da kokawa da dambe da za ta jingina da su. Bangaladash fa? Duk lambobin da ta taɓa ci a Kwamanwels na harbi ne, kuma a 2022 hannu rabbana ta koma gida.

Dalili shi ne harbi ba ya neman tsawo ko ƙarfin gaɓa, natsuwa yake nema. A harbin bindigar iska na mita 10, ɗigon da ke tsakiyar allo rabin milimita ne kacal, kuma sai mutum ya yi harbi 60 kafin ya kai zagayen ƙarshe. Saboda haka ƙasar da ba ta da jama'a da yawa za ta iya renon mutum ɗaya ya ɗaga tutarta. Haka Ahmed Al Maktoum ya ciyo wa Daular Larabawa zinarenta na farko a Olamfik a 2004. San Marino, mai mutane ƙasa da 40,000, ta sami lambarta ta farko a 2021 ta hannun Alessandra Perilli, sannan Adriana Ruano ta kai wa Gwatamala zinaren farko a 2024.

Sai dai kada mu yaudari kanmu, wasan na da tsada, ga kuma dokar makamai. Abhinav Bindra, wanda ya ci zinare a 2008, filin atisaye mahaifinsa ya gina masa a gida. A Birtaniya kuwa, bayan kisan ɗalibai a Dumbulen a 1996, an haramta yawancin ƙananan bindigogi, har maharbansu suka riƙa fita waje yin atisaye. To inda mai arziki ke kuka, ina ga talaka? Shi ya sa Kwamanwels ke da amfani ga ƙananan ƙasashe, domin ita ce matakalar da suke takawa kafin Olamfik.

Mu nan Gana lambobinmu 5 ne a tarihin Olamfik, 4 na dambe, 1 na ƙwallo, kuma daga Faris ba mu zo da komai ba. Ya kamata mu yi wa kanmu faɗa, domin ƙasar da ta dogara da wasa ɗaya, ranar da aka cire shi ta shiga uku.

Yanzu ido ya koma kan Ahmadabad ta Indiya, wadda aka ba gasar 2030. Idan mai masaukin da ya fi kowa kuka bai maido da harbi ba, to da wuya wani ya yi. Allah ya kai mu.